Malam Bai Rasu Ba a Safana

Safana, Laraba, cikin watan Safar

Maijidda,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Sharhabilu da yaran. Mu nan da sauƙi, ƙafata tana nan yadda kika bar ta. Gwaggonki Indo ce dai kai ke sara mata tun da muka dawo daga Batsari, ta ɗaure shi da ɗankwali ta ce zafin rana ne. Tun da aka kashe sabis ɗin waya na koma biro da takarda, kamar zamanin da nake makarantar kwana. Manu direba ne zai kawo miki wannan, ki tanadi amsa kafin ya juyo.

Ga abin da ya sa na rubuto. Jiya da hantsi ina ɗaki, ina zaman takabar babanki, na ji sallama a zaure. Tayyib ne, mai ba da magani a ɗakin maganin ƙungiyarku na nan Safana. Ya ɗaga murya yadda ya saba kowane wata ya ce, "Malam Sammani yana ciki? Ga maganin hawan jini." Sai da sunan ya fita bakinsa sannan ya tuna da shi aka yi zaman makoki a wannan zauren. Gwaggonki ta saki kwanon da ke hannunta. Ni kuwa sai ganina na yi a ƙofar ɗakin Malam, na je in tashe shi.

Tayyib ya yi ta ba da haƙuri ta bayan labule. Ya ce na'urar ofishinsu ce ta fitar da sunan cikin masu karɓa, kuma shi ba shi da ikon rubuta mata cewa mutum ya rasu, daga Batsari wannan yake zuwa. Na ce ya koma da abinsa.

Na biyun ya fi wannan muni. Kin san bayan an binne Malam likitanku ya auna Gwaggonki a can wajenku, ya ce jininta ya hau, ya rubuta mata magani, ya ce ta riƙa karɓa a Safana tunda gidana za ta zauna, ƙauyenta Babban Duhu ba ya komuwa yanzu. Ɗan abin da ya ba ta na hanya ya ƙare. Ta taka da ƙafarta, tsohuwa, ta bi layi. Tayyib ya duba ya ce babu ita. Ta ce, "Ga ni tsaye a gabanka kake cewa babu ni?" Ya ce a na'ura yake nufi. Ta ce to ya ba na'urar maganin ta sha.

Wanda ya mutu ana bin sa da magani har gida, mai rai an sallamo ta hannu wofi. An ce mini ke ce mai kula da waɗannan na'urori. Ban san abin da kike yi a gabansu daga safe zuwa yamma ba, amma na san aikin da aka damƙa wa mutum amana ce, kuma za a tambaye shi. Ban raine ki da sakaci ba. Idan wani ne ya ɓata, ki faɗa masa gaskiya ko da oganki ne. Idan ke ce, ki gyara, ki nemi gafarar Allah. Kada a sake kiran sunan babanki a ƙofar gidan nan.

Mahaifiyarki,
Zuwaira

*

Batsari, Asabar

Inna,

Wa'alaikumus salam. Ina yini, ya ƙafar, ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Baba Ya haskaka makwancinsa. Mu nan lafiya, sai ƙaramin da ke fama da haƙori. Ki yi wa Gwaggo sannu da jiki.

Na karanta wasiƙarki a ofis, na kasa ƙarasawa sai da na fita bayan gini. Rasuwar Baba ni na roƙa a bar ni in shigar da ita a na'ura da hannuna, washegarin jana'iza. Ban san ba ta isa Safana ba.

Bari in yi miki bayani, don sai da taimakonki zan iya. Na'urorin biyu ne. Ta Batsari ita ce uwa, a cikinta likita ke rubutu. Ta Safana kwafi ce. Duk abin da ya canja a nan, sabon suna ne, magani ne, rasuwa ce, uwar tana jera shi a layi. Ta Safana tana ɗauka ɗaya bayan ɗaya ta kwanon tauraron ɗan'adam ɗin nan da ke kan rufin ofis, bisa yadda abubuwan suka faru. Ba ta tsallake ko ɗaya. Idan wani ya ƙi shiga, sai ta tsaya a kansa ta yi ta gwadawa, duk na bayansa suna jira. Na duba, layin ya tsaya tun kafin a kwantar da Baba. Rasuwarsa tana cikin masu jira, sunan Gwaggo da maganinta suna bayanta.

Daga nan ina ganin ta Safana tana zuwa tana komawa, amma ban ga dalili ba. Dalilin a can take rubuta shi, kuma an kulle kwanon, babu abin da ke bi ta cikinsa sai bayanan marasa lafiya. Ba zan iya shiga daga nan ba, ba zan iya aika wa Tayyib saƙo ba. Na sa wata takarda cikin wannan, ta nuna masa abin da zai danna. Rubutu zai fito, ya kwafe layukan ƙarshe harafi da harafi, ko ɗigo kada ya bari. Ke kin fi shi ido a Turanci, ki duba masa kafin ki ba Manu.

Na nemi maganin Gwaggo a nan, mai ba da magani ya ce rabonta an ƙirga shi a na Safana, likita ne kaɗai zai juya shi, shi kuwa likita bai sake zuwa ba tun da hanya ta lalace. A kemis babu sai irin wanda ya kumbura mata ƙafafu bara.

Inna, akwai wata magana, ki karanta kafin ki yi fushi. Na duba abin da likita ya rubuta wa Gwaggo. Shi ne dai na Baba, iri ɗaya, ƙarfi ɗaya. Idan Tayyib ya sake kawowa ki karɓa ki ba ta. Ba satar kowa kika yi ba, nata yana cikin kabad ɗinsu a kulle, sunan da ke kan ledar ne kawai daban.

'Yarki,
Maijidda

*

Safana, Alhamis

Maijidda,

Bayan sallama, ina fata ƙaramin ya samu sauƙi. Ki daina ba shi ruwan sanyi, na sha faɗa miki. Gwaggonki tana nan, wata rana ta tashi garau, wata rana ta yini a kwance tana cewa ana daka a cikin kanta.

Tayyib ya yi abin da kika ce. Sai da ya wanke hannu ya yi bisimilla kafin ya taɓa abin, wai yana tsoron ya danna wani wuri garin ya ƙone. Ya kawo mini abin da ya kwafo, na tarar ya mayar da wasu haruffa tamkar tsutsa, na kora shi ya sake. Ga shi nan na biyun. Iyakar abin da Turancina ya gano shi ne akwai wani gurbi da ake nema ba a samu ba, kuma magana ɗaya ce take ta maimaitawa shafi bayan shafi. Gwaggonki ta ce ashe na'urar ma ta tsufa.

Yanzu ga maganarki ta ƙarshe. Na karanta kafin na yi fushi, yadda kika roƙa, sannan na yi fushin. Kin san abin da ke rubuce a takardar da ake sa wa hannu? Na sa Tayyib ya karanto mini. Mai karɓa yana shaida cewa marar lafiya yana nan kuma yana shan maganinsa. Ni da nake zaune cikin takabar mutum, ban fita ko ƙofar gida ba, ban shafa turare ba, ni zan sa hannu in ce yana raye? Shekara nawa na zauna da babanki, ban taɓa jin ya yi ƙarya ko ta raha ba. Yanzu yana cikin kabari in jingina masa ɗaya? Wannan ba tarbiyyar gidan nan ba ce. Idan a ofishinku haka ake koya muku, mutum ya kasa gyara abu sai ya nemi ta inda zai zagaye shi, to ki bar musu halinsu a ofis.

Na gaya wa Gwaggonki abin da kika ce, don ban iya ɓoye-ɓoye ba. Ta yi dariya ta ce, "Sammani tun yana yaro yake cinye mini rabo, yau ya mutu ma bai daina ba." Daga nan ta juya fuska bango. Ana dafa mata zogale da tafarnuwa, ta rage gishiri. Ke dai ki gyara abinki, shi ne maganin.

Mahaifiyarki

*

Batsari, Litinin, farkon watan Mauludi

Inna,

Barka da yini, ya gida, ya jikin Gwaggo? Na ji faɗanki.

Kin karanta daidai, gurbi ne. Lokacin da mutanen ƙauyuka suka fara kwararowa gari, ƙungiya ta ce a riƙa rubuta garin da mutum ya baro. Na ƙara wa na'urar Batsari gurbin wannan. Irin wannan ƙarin ba ya bin layi, dole a yi wa kowace na'ura nata da hannu. Na shirya zan zo in yi wa ta Safana a satin, sai jikin Baba ya rikice, sai hanya ta rufe. Tun daga ranar duk abin da aka aika mata yana zuwa da gurbin da ba ta da inda za ta sa shi. Kin tambaya ko wani ne ko ni ce. Ni ce.

Gyaran ɗan rubutu ne, jimla ɗaya. Na rubuta shi da manyan haruffa a takardar da ke ciki. Tayyib ya shigar da shi yadda yake, layin zai motsa.

Amma akwai abin da nake tsoro, gara ki sani. Na ce miki bisa tsari take ɗauka. Rasuwar Baba za ta fara isa, sunan Gwaggo yana can baya da nisa, mutane da yawa tsakaninsu. Idan akwai wani abin da zai sake tokare ta a tsakanin, daga nan ba na ganinsa, sai ta isa kansa za mu sani. Ina sa ran babu.

Nan ma ba a kwance muke ba. Uwar ba ta zubar da abin da ba a karɓa ba, tana tara shi, ma'ajiyarta ta kusa cika. Ranar da ta cika, Batsari ma ta tsaya. Oganmu Yasir kullum da safe sai ya leƙo ya ce, "Hajiya, yau saura nawa?" Na ce masa ni ba Hajiya ba ce, ya ce idan na gyara ƙungiya za ta kai ni Makka. Ni da Safana ma ta gagare ni.

Ki amsa mini da zarar an yi.

Maijidda

*

Safana, Juma'a

Maijidda,

Assalamu alaikum. Muna nan, Allah Ya tsare. Wasiƙarki ta iso da takardar Tayyib. Ban ba shi ba, tana ƙarƙashin katifata. Ki karanta ki ji dalili.

Shekaranjiya Gwaggonki ta sunkuya za ta ɗauki buta, sai ta tafi gaba ɗaya ta kife. Haɓo ya ɓalle mata, jini ya jiƙa zanen da na tare da shi. Da ta farfaɗo ta ce mini tana ganina biyu. Na aika aka kira Tayyib, ya auna, bai faɗi adadin ba, ya dai cire hularsa ya mayar. Ledar Malam ta wannan watan tana cikin jakarsa. Na miƙa hannu ta labule ya ba ni biro.

Na sa hannu cewa mijina yana raye. Ban rubuta miki don ki ce kin faɗa ba. Abin da na ce miki rannan yana nan, ƙarya ƙarya ce, ina istigfari a kan ta bayan kowace salla. Ba ke za ki ɗauka ba, ba Tayyib ba, ni ce. Kuma kada in ji kin mayar da wannan hujja a wani abu na rayuwarki.

Ta fara sha. Yau ta zauna ta tsince mini wake, har ta yi mini gorin tuwona ya yi ruwa.

To ga umarnina. Kin ce ba ki san ko layin zai sake tsayawa ba bayan ya wuce babanki. Abin da ba ki sani ba kada ki taɓa shi. Ki bar babanki yadda yake a Safana, ya ci gaba da karɓar maganinsa, har hanya ta buɗe ki zo ki zauna gaban abin da kanki. Ki nemi wata dabarar da za ki yi wa ta Batsari, ku ne masu ilimin. Na yi makonni ina ce miki ki gyara, yau ina ce miki ki dakata. Ki bi ta yau.

An ce Manu bai samu fita ba wannan satin, an tare hanya wajen daji. Zan ajiye wannan har ya samu.

Mahaifiyarki

*

Batsari, Lahadi, ƙarshen watan Mauludi

Inna,

Ina gaisuwa, ina fata lafiya. Shiru ya yi yawa. Kullum ina duba layin, bai motsa ba, kullum ina leƙa tasha, babu Manu. Ban sani ba ko takardar ce ta ɓata, ko fushi kike yi da ni tun da na ce ni ce. Idan fushin ne ki yi mini faɗa, ya fi mini sauƙi.

Ina lissafin Gwaggo ta shiga wata na uku babu magani. Ba na iya cin abinci idan na tuna. Gobe motar ƙungiya za ta kai kaya Safana tare da masu rakiya. Sun hana ni shiga, wai ba sa ɗaukar mace mai shayarwa a wannan hanyar. Na sake rubuta gyaran na ba direbansu ya miƙa wa Tayyib hannu da hannu, ya tsaya a kansa har ya shigar. Ba na tsallake ki ba ne, Inna, ina so in sauke miki wahalar aike. In Allah Ya so kafin rabon wata mai kamawa Gwaggo za ta karɓi nata da sunanta, ke kuma ba za a sake kiran Baba a ƙofarki ba.

Maijidda

*

Safana, Alhamis, cikin Rabi'us Sani

Maijidda,

Sallama. Ranar Talata babanki ya rasu a Safana.

Tayyib ya zo da fara'arsa ya ce layi ya motsa, sunaye suna ta shigowa yana kallo, har na Malam ya koma cikin waɗanda suka rasu. Na ce, na Indo fa? Ya ce yana hanya. Washegari ya dawo babu fara'ar. Ya ce abin ya sake tsayawa, wata magana daban yake maimaitawa yanzu. Ga ta nan ya kwafo, na duba masa. Wai akwai lambar da ta riga ta zama ta wani.

Jiya aka yi rabo. Babu ledar Malam, babu ta Gwaggonki. Na roƙi Tayyib, ni da ban taɓa roƙon ɗan da na haifa ba. Ya ce duk ƙwayar da ta fita kabad ba da sunan da na'ura ta bayar ba, sata za a rubuta masa, an kori wanda ya gada a kan haka. Yana da mata da 'ya'ya, ban matsa ba. Abin da ya rage mata ba zai kai sati ba, na fara raba ƙwayar biyu.

Manu ya samu hanya yau, zai kawo miki wannan tare da wadda na rubuta tuntuni. Ki fara karanta waccan. Ba zan yi miki faɗa ba, ba ki ga wasiƙar ba. Amma da kin yi haƙuri kin jira amsar uwarki, da ba haka ba. Gaggawa tun kina ƙarama take cin ki.

Kuma na san ki. Kada ki ce za ki hau hanyar nan. Ban yarda ba, ko Sharhabilu ya yarda. Makoki ɗaya nake zaune a ciki, ya ishe ni.

Mahaifiyarki

*

Batsari, Talata

Inna,

Ina yini, ya Gwaggo? Wasiƙunki biyu sun zo tare. Na karanta ta farkon a tsaye a tasha. Ban san yadda na iso gida ba.

Ga abin da ya tokare yanzu. Lokacin da layi ke tsaye, mutanen ƙauyen Tsaskiya sun gudo Safana da zazzaɓi da masu ciki. Tayyib bai iya korar su ba, ya shigar da sunayensu a na'urarsa don su sami ƙananan magunguna, wannan yana da ikonsa. Na'urar ta ba su lambobi daga nata ƙidayar. A daidai lokacin ta Batsari tana ba wasu mutanen waɗannan lambobin. Yanzu duk wanda ya iso daga nan ya tarar da wani zaune a lambarsa, layi ya tsaya. Ba laifin Tayyib ba ne, ni ma da haka zan yi.

Dole a matsar da mutanen Tsaskiya zuwa wasu lambobin, kowa da tarihin maganinsa a ɗaure da shi. Da ina gabanta aikin yini ne. Ta wasiƙa kuwa sai in rubuta, Manu ya kai, Tayyib ya gwada, ta ƙi, ya kwafo dalili, Manu ya dawo. Na sa gwaji uku a takardar nan, idan na farko ya ƙi ya yi na biyu.

Yasir ya ce mu share ta Safana gaba ɗaya mu sake kwafe komai daga farko. Idan an yi haka mutanen Tsaskiya sun goge, har masu cikin. Kuma batirin solar Safana ba ya kaiwa, kafin kwafin ya ƙare wuta ta ɗauke, a koma farko. Na ƙi. Ban san ko daidai na yi ba. Da na yarda wataƙila sunan Gwaggo ya isa, wataƙila kuma a rasa duka.

Na rubuta wa likita takarda zuwa Katsina, babu amsa. Na sa miki irin na kemis ɗin, ko da zai kumbura ƙafar, ki tambayi Tayyib ko gara shi da babu. Na je tasha ranar Asabar da jakata, Sharhabilu ya biyo ni da wasiƙarki a hannu ya karanta mini layin ƙarshe a gaban mutane. Na dawo.

Na iya aikin nan, Inna. Wallahi na iya shi. Hannuna ne ba ya kaiwa.

Maijidda

*

Safana, Asabar, cikin Jimada

Maijidda,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ƙaramin ya fitar da haƙoran nasa. Za ki yi mamakin wasiƙa alhali sabis ya dawo, har mun yi magana shekaranjiya. Kin tambaye ni Gwaggo na ce tana barci. Barcin take yi, ban yi miki ƙarya ba. Sauran ne bakina ya ƙi faɗa, na kuma hana Tayyib.

Ya ba ni labarin yadda kuka yi. Wayar tana kunnensa, kina faɗa yana dannawa, tsakanin azahar da la'asar kuka matsar da mutanen Tsaskiya, babu wanda ya goge, layin ya zube gaba ɗaya. Ya ce da sunan Gwaggonki ya fito kin yi ta hamdala. Abin da ya sha kanmu tun Safar.

Ranar Lahadin da ta wuce, kafin sabis ya dawo, Gwaggonki ta tashi za ta yi alwalar walaha, hannunta na dama ya ƙi ɗaukar buta. Ta kira ni, abin da ya fito ba sunana ba ne. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace. Na kemis ɗin ta sha, bai riƙe ta ba. Tana ji, tana gane kowa, tana cin abu mai ruwa. Magana ce babu. Tayyib ya ce wasu suna samun sauƙi a hankali, ban tambaye shi ko irin shekarunta ba.

Na san abin da za ki ce, don haka ki saurara. Za ki ce gurbin da kika manta ne, ko takardar da kika aika. Ledar farko da Tayyib ya kawo a Safar ni na mayar da ita. Da tana gidan nan, da ta kai mu har sabis ya dawo. Na auna wannan ta kowace fuska, haka yake fitowa. Har yau ban ce sa hannun nan halal ba ne. Na dai rasa wanda zan tambaya me ya sa wanda na ƙi yi ya fi wanda na yi nauyi. Ba na son ki kira ni ki ce babu komai, ni ma ba zan ce miki ba. Kowa ya riƙe nasa ya kai wa Allah. Kuma gobe ki tafi aikinki a kan lokaci, akwai wasu a layin.

Jiya Tayyib ya zo. Ya yi sallama a hankali, ya tsaya yana gyaran murya, tun rannan bai sake kiran suna a zauren nan ba. Na ce masa ta labule, "Wa ka zo nema?" Ya ce, "Inna, kin sani." Na ce ban sani ba, ya faɗa yadda ake faɗa. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Indo Babban Duhu tana ciki? Ga maganin hawan jini."

Ta ji daga ɗaki. Na ga ta yunƙura, bakin yana motsi, tana son ta amsa. Na jira ta. Da na ga ba zai fito ba na ce, "Tana ciki."

Na karanta takardar tun daga sama har ƙasa kafin na sa hannu. Marar lafiya tana nan, kuma tana shan maganinta. Na daka ƙwayar a cokali na zuba mata a koko.

Takabata ta kusa fita. Idan hanya ta yi kyau ki zo da yaran, tana bin ƙofa da ido. Idan ba ta yi kyau ba ki zauna inda kike.

Mahaifiyarki,
Zuwaira